Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zoben Hayaƙi Yake Samun Ƙarfin Tafiya?

TAMBAYA: Malam, ni mai injin niƙa ne a Gusau, irin tsohon injin nan mai silinda ɗaya da ake tayarwa da hannu. Da safe idan na tayar da shi, kafin ya ɗauki wuta sosai, sai in ga hayaƙi yana fita daga salansa a siffar zobe, ɗaya bayan ɗaya, yana tafiya sama har ya wuce tsayin rumfa bai watse ba, alhali sauran hayaƙin nan take yake bajewa. Da injin ya kama gudu kuma sai zoben ya daina fita. Yarona ya tambaye ni me ke tura shi, na rasa abin da zan ce masa. Shin ina yake samun ƙarfin wannan tafiya? Kuma me ya sa yake ɓacewa idan an ƙara wuta? Ni da na zaci ƙarin wuta ƙarin zobe ne.

AMSA: Allah ya yi wa yaron albarka, domin tambayar da ya yi maka ta hana manyan masana barci fiye da shekara 150. Amsar a taƙaice ita ce, babu abin da ke tura zoben bayan ya bar bakin salansa. Duk ƙarfin da yake tafiya da shi an ba shi ne a ƙiftawar ido guda lokacin fitowarsa, kuma ƙarfin ma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba shi da sauran hayaƙi shi ne yadda yake riƙon ɗan abin da aka ba shi. Sannan akwai iyakar abin da zai iya karɓa, wadda idan ya kai ta ko me za ka ƙara masa ba ya amsa. Amsar tambayarka ta biyu tana cikin wannan iyaka, amma bari mu bi abin daki-daki.

Idan man gas ya ƙone a cikin silinda, bawul ya buɗe, iska mai zafi takan yi tsalle ta bi bututun salansa a dunƙule. Kafin ta iso, iskar da ke wajen bakin bututun tana tsaye ne cik. To a daidai leɓen bututun sai iska mai gudu ta haɗu da iska marar motsi. Ta tsakiya tana wucewa abinta, ta gefe kuwa tana gogar wadda ke tsaye, sai gudunta ya ragu, ta lanƙwashe waje, ta koma baya, ta naɗe kanta. Da yake leɓen bututun kewayayye ne, naɗin yana faruwa ta ko'ina a lokaci ɗaya, sai ya haɗe ya zama abu mai siffar gammo. Sai dai wannan gammon ba a zaune yake ba. Kullum yana juya cikinsa waje: iska tana kutsawa gaba ta cikin ramin tsakiya, ta fito ta goshi, ta zagayo baya ta gefen waje, ta sake shiga ramin ta ƙeya. Layin da take zagayawa a kansa, wanda ya bi cikin jikin zoben ya kewaye, shi za mu kira ɓargon zoben, kuma a kusa da shi juyin ya fi tsanani.

Wannan juyi shi ne injin tafiyar. Kowane ɓangare na zoben, garin juyawarsa, yana jan iskar da ke kusa da shi. Ɓangaren dama yana tura iskar da ɓangaren hagu ke zaune a cikinta zuwa gaba, na hagu shi ma yana yi wa na dama haka, na sama da na ƙasa haka, sai duk zoben ya tafi tare. Ga kuma riba ta biyu. Hayaƙin da aka feso kai tsaye yana kutsawa ne cikin iska da gogayya ta kowane gefe, shi ya sa yake yagewa nan da nan. Zobe kuwa gefensa na waje baya yake komawa yayin da shi yake yin gaba, saboda haka mirginawa yake yi a jikin iskar da ke tsaye, ba jan ciki ba. Gogayyar kaɗan ce, asarar ma kaɗan.

Ka lura, hayaƙin ba shi da hannu a cikin wannan aiki. Fenti ne kawai da ya sa idonka ya ga abin da iska ke yi. Zobe yana fita ko da hayaƙi ko babu, kuma ba a iska kaɗai ba. Gobe da safe idan an kawo shayi, ka bari ya natsu, ka tsoma rabin bakin cokali a tsaye, ka ja shi gaba kaɗan a hankali, ka zare shi sama. Za ka ga 'yan ramuka biyu ƙanana sun lotsa a fuskar shayin, suna juyawa ɗaya dama ɗaya hagu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har su kusa bakin kofi. Waɗannan ramuka biyu bakunan abu ɗaya ne. A ƙarƙashin shayin akwai rabin zobe da ya haɗa su, kai kana ganin inda ya ɓullo ne kawai.

Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya fara zayyana lissafin irin wannan juyi a 1858. Ya nuna cewa layin juyi ba ya yankewa haka kawai a tsakiyar ruwa ko iska, dole ko dai ya dangana da bango ko fuskar ruwan, kamar na shayinka, ko kuma ya zagayo ya kama wutsiyarsa, kamar na salansarka. Ya kuma nuna cewa da a ce ruwan ba shi da danƙo ko kaɗan, juyin ba zai taɓa mutuwa ba. A 1867 Peter Guthrie Tait na Jami'ar Edinbara a Sikotilan ya haɗa akwati mai rami a gaba da ƙyalle a ɗaure a baya, ya cika shi da farin hayaƙin sinadarai, yana bugun ƙyallen zobba suna fita suna ratsa ɗaki. Abokinsa William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya ga yadda zobban suke karo su yi rawa su koma siffarsu, abin ya shiga ransa har ya ce watakila ƙwayoyin zarra da aka gina duniya da su irin waɗannan zobba ne masu ƙulli iri-iri. Wannan hasashe bai yi rai ba. Amma garin bin diddiginsa Tait ya zauna yana jera ire-iren ƙulli, aikin da ya zama tushen wani reshe na ilimin lissafi da ake karantawa har yau. Wato kuskuren manya ma yakan bar gado.

To nawa ne makamashin da ke cikin zobe guda? Mu yi lissafi da akwati irin na Tait mai rami mai faɗin santimita 10. Lita ɗaya ta iska nauyinta kusan giram 1.2 ne. Idan aka turo lita 3 da 'yan kai ta wannan rami, nauyinta bai cika giram 4 ba. A ce ta fito da gudun mita 5 a daƙiƙa. Makamashin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, wanda a nan bai wuce kashi 5 cikin 100 na jul ɗaya ba. Kwatankwacin aikin da za ka yi ke nan idan ka ɗaga ƙwan kaza santimita 10 daga tebur. Da wannan ɗan abin zoben zai ratsa ɗaki ya kashe kyandir a ɗaya ƙarshen, alhali kai da huhunka biyu, ko ka busa har jijiyar wuya ta tashi, ba za ka kashe shi daga wannan nisa ba. Ka fi zoben kashe ƙarfi nesa ba kusa ba, amma naka a hanya ya zube.

Makamashin ba a cikin abin da ido ke gani kaɗai yake zaune ba. Wani kaso yana cikin juyin da ke kewaye ɓargo. Wani yana cikin curin iska da zoben ya rungume yake tafiya da shi, wanda ya fi farin da'irar da kake hange girma. Wani kuma yana cikin iskar waje da ake turewa gefe a gaba tana komawa mazauninta a baya. Wannan kaso na ƙarshe bashi ne da ake karɓa ana mayarwa a kowane taku, shi ya sa bai zama asara ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai zaci idan ya tsawaita turin, zoben zai yi ta girma yana ƙara ƙarfi ba iyaka. A 1998 masu bincike uku a Amurka, Morteza Gharib na cibiyar Caltech da Edmond Rambod da Karim Shariff, suka gwada wannan a tankin ruwa. Sun sa fistin a cikin bututu yana turo ruwa, suna canza tsawon turin, suna auna shi da faɗin bakin bututun. Da tsawon ruwan da aka turo ya ninka faɗin bakin sau 2, sai zobe ya fita shi kaɗai tsaf, ya kwashe duk abin da aka turo. Da ya kusa sau 4, zoben ya fi girma da ƙarfi, kuma har yanzu bai bar komai a baya ba. Da suka kai shi sau 14.5, zoben da ke gaba bai fi na sau 4 ƙarfin juyi ba, sai dai ga doguwar jela ta ruwa tana biye da shi, wadda ya ƙi karɓa. Sun maimaita ta hanyoyi daban-daban, iyakar tana faɗowa tsakanin 3.6 da 4.5. Zobe yana ƙoshi ne a wajen huɗu.

Me ya sa? Dalilin na makamashi ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Abubuwa uku fistin yake zuba wa zobe a lokaci guda: ƙarfin juyi, ƙarfin tunkuɗa gaba, da makamashi. Idan gudun fistin bai canza ba, ka ninka tsawon turi sau biyu, kowanne cikin ukun ya ninku sau biyu. Matsalar ita ce buƙatar zoben ba haka take hawa ba. Zoben da zai riƙe ninki biyu na juyi da ninki biyu na tunkuɗa, ya kuma zauna a siffarsa ta farko, makamashi ninki huɗu yake nema. An ba shi biyu, yana neman huɗu. Dabarar da ta rage masa ita ce ya canza siffa, domin zobe mai kaurin ɓargo ya fi siriri arhar makamashi. Saboda haka yayin da ake ci gaba da turi, ɓargon yana ta yin kauri, ramin tsakiya yana tsukewa. Amma kauri ma yana da maƙura. Tun ƙarni na 19 Kelvin ya gano wata ƙa'ida, wadda T. Brooke Benjamin ya ƙara wa ƙarfi a 1976, cewa zobe mai tafiya a natse shi ne tsarin da ya fi kowane makamashi a cikin duk tsare-tsaren da za a iya yi da wannan juyi da wannan tunkuɗa. Da zarar abin da bututu ke kawowa ya gaza wannan mizani, zoben ba zai iya haɗiye sabon juyi ya kuma zauna a natse ba, sai ya yanke alaƙa.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin abu ɗayan. Duk lokacin da zoben ya ƙara juyi, gudunsa ƙaruwa yake yi, alhali ruwan da ke shayar da shi daga baya gudunsa bai canza ba. Wata rana dole ya tsere masa. Lokacin tserewar shi ne wajen huɗun nan. Kada dai a ɗauki huɗu a matsayin lamba mai tsarki. An nuna cewa idan fistin yana ƙara gudu yayin turi, ko bakin bututun yana tsukewa a hankali, ana iya jinkirta rabuwar, domin ana ƙara wa mai shayarwa gudu ya ci gaba da cim ma zoben.

Mu dawo kan injinka. A ce bakin salansarka santimita 5 ne. Santimita 20 na farko na kowane tarin da injin ya yi su ne kawai rabon zobe, abin da bai kai rabin lita ba. Silinda kuwa tana amayo fiye da haka, musamman da iskar take da zafi a kumbure. Ragowar ita ce sauran hayaƙin da ka ce yana bajewa nan take, wato jelar da zoben ya bari. Lokacin da injin ke tashi, tarin yana zuwa a rarrabe kuma a hankali, kowane zobe yana samun sarari ya naɗu ya yi gaba kafin na bayansa ya iso, ga hayaƙi mai kauri da ke nuna shi ƙarara. Idan ya kama gudu labari ya canza. Inji irin naka yana tari sau ɗaya ne a kowane juyi biyu, saboda haka idan yana juyi 600 a minti, tari 5 ke nan a daƙiƙa. Kowane sabon zobe yana faɗawa cikin hargitsattsiyar jelar na gabansa, ga shi ya fito da gudun da ya sa shi kansa a hargitse yake tun haihuwa. Ƙarin wutar da ka ba injin jela ta tafi, ba zobe ba. Sannan idan inji ya yi zafi man yana ƙonewa sosai, hayaƙi ya ragu, ko da wani zoben ya tsira babu fentin da zai nuna maka shi.

Wannan iyaka ba wasan yara ba ce kawai. Bincike ya nuna cewa tari gajere da ya tsaya kusa da huɗu ya fi ba da tunkuɗa a kan kowane ɗigon ruwan da aka fesa, idan aka gwada da dogon feshi, domin zoben yana jan ruwan kewaye ya tafi da shi. Halittun teku masu tafiya da feshin ruwa, irin su jelifish mai siffar lema, zobba suke bari a bayansu a kowane matsi. Mafi kusa da kai ma yana cikin ƙirjinka. A kowane bugu, idan ɗakin hagu na ƙasa na zuciya ya saki jiki, jini yana shigowa ta ƙofar da ke samansa ya naɗe ya zama zobe, wanda ke taimaka masa ya isa ƙasan ɗakin ya juyo ba tare da ya kwanta ba. A 2006 Gharib da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a lafiyayyun mutane ma'aunin wannan shigowa yana kewayen huɗun nan ne, a masu ciwon da ke sa zuciya ta buɗe ta yi rauni kuwa yana sauka ƙasa.

Saura mutuwar zoben. Iska tana da ɗan danƙo, komai ƙanƙantarsa, kuma shi ne ke cin makamashin a hankali yana mai da shi zafi, zafin da ba za ka taɓa ji ba saboda ƙarancinsa. Zoben yana tafiya yana haɗiyar iskar hanya, yana zubar da wata a baya, ɓargonsa yana faɗaɗa, gudunsa yana raguwa. Idan zoben mai ƙarfi ne, kafin danƙo ya gama da shi sai ka ga da'irar ta fara lanƙwasa tana yin tudu da kwari a kewaye, lanƙwasar ta yi ta girma har ya tarwatse. Sheila Widnall ta cibiyar MIT ce ta bayyana dalilin wannan a shekarun 1970.

Akwai wani abu a lissafin zobe da ya saɓa wa hankalin yau da kullum. Idan zobba biyu ƙarfin juyinsu ɗaya ne, babban ya fi makamashi, amma ƙaramin ya fi gudu, saboda ɓangarorin babban sun yi nesa da juna, turin da suke yi wa juna ya yi rauni. A 1964 George Rayfield da Frederick Reif suka ga wannan ƙarara a cikin ruwan hiliyam da aka sanyaya har danƙonsa ya ɓace, inda ƙarfin juyin kowane zobe ƙayyadadde ne ba ya canzawa. Duk lokacin da suka ƙara wa zoben makamashi da lantarki, sai ya buɗe ya rage gudu. A wani wurin ka ƙara ƙarfi a ƙara sauri, a nan ka ƙara ƙarfi a ƙara nawa.

Girma kuwa ba ya canza ƙa'idar. Dutsen Etna mai aman wuta a tsibirin Sisili na Italiya ya yi ta fitar da zobban tururi a watan Afrilun 2024 ta wani kewayayyen rami da ya buɗe a ƙololuwarsa, tari bayan tari, kamar dai salansa.

Idan kana so yaron ya gani da idonsa, ku nemi kwalin taliya ko na sabulu, ku manne duk kafofinsa da salatif, ku yanke rami kewayayye mai faɗin santimita 10 a gefe guda. Ku kifa ramin a kan kaskon turaren wuta na ɗan lokaci har kwalin ya cika da hayaƙi, ba tare da ya taɓa garwashin ba. Ku shiga inda babu iska mai kaɗawa, inda haske ke shigowa ta gefe, sai ya bugi gefunan kwalin biyu da tafin hannu, bugu gajere mai kaifi. Bayan nan ya gwada matsa kwalin a hankali matsi mai tsawo, ya ga jelar da za ta biyo baya. Ya gwada bugu mai taushi da mai ƙarfi, ya faɗa maka wanne zobe ya fi daɗewa a raye. Sai dai a bar ƙofa a buɗe, kuma idan yana da asma a bar turaren, a kunna kyandir a nesa ya kashe shi da kwalin da babu komai a ciki sai iska. Kada kuma ya kusanci bakin salansa garin kallo, hayaƙin inji guba ne. Malaman kimiyya na makarantunmu da ke kukan rashin kayan gwaji su ma ga wanda kwali da salatif kawai yake buƙata.